Muhyiddeen da Kwandunan Takalma

Mu mutanen Sharada Allah ya yi mu da son laƙabi. Ka gyara wa mutum tocila sau ɗaya, gobe ya ce maka Injiniya, jibi kai ma ka yarda. To, shi Muhyiddeen bai ma jira an raɗa masa ba, da kansa ya yi wa kansa suna, kuma ko rago bai yanka ba.

Aikinsa na gaskiya a kamfanin biskit na Hajiya Uwani shi ne tsayuwa a bakin tanda, yana jawo farantan biskit, gumi na bin ƙeyarsa har cikin wando. Amma ya taɓa shiga wata makarantar koyon kwamfuta a Hotoro. Bai gama ba. Ya ce malaman ne suka kasa bin saurinsa, sai ya tausaya musu ya bari. Abu biyu yake ƙauna a duniya. Na farko takalminsa sau-ciki baƙi mai tsinin baki, wanda yake gogewa da hannun rigarsa. Na biyu wani ɗan ofis da ke kusa da na Hajiya, ba kowa a ciki sai kujera mai juyawa da na'urar sanyaya ɗaki. Duk sanda ya wuce ta nan sai ya rage tafiya, don sanyin da ke fitowa ta ƙasan ƙofa ya ɗan taɓa masa idon sawu.

A kamfanin akwai doka: ba a shiga inda ake biskit da takalmin waje. Kowa a bakin ƙofa yake tuɓe nasa, ya sa farin takalmin roba na kamfani, kuma shi ma wannan ba a fita da shi ko taku ɗaya. Na wajen kuwa sai a watsa su a wani ɗaki, inda wani dattijo, Malam Uba, yake zaune yana gadinsu da rediyonsa a kunne. In an tashi aiki sai ka rantse kasuwa ce ta kama da wuta. Ranar Juma'a abin ya fi muni, don mutane sukan rasa raka'a guda suna tonon ƙafar hagu.

Wata safiya Muhyiddeen ya tare Hajiya tana fitowa daga mota.

"Ranki ya daɗe, wannan wahalar ta takalma, ni a wajena wasan yara ce."

Hajiya Uwani ta dube shi daga sama har ƙasa. "Kai ba na tanda ba ne?"

"Na wucin gadi, ranki ya daɗe. Akwai abin da ake ce wa hash. Injin markaɗen suna ne a cikin kwamfuta. Sunan mutum zai shiga, a markaɗa shi, lamba ta fito. Wannan lambar ita ce ta kwandon da za a jefa takalminsa. In ya dawo, a sake markaɗawa, a tafi kwandon kai tsaye. Ba tono, ba zagi."

"To, me kake so?"

Idon Muhyiddeen ya tafi wajen ɗan ofishin nan ya ƙi dawowa.

Hajiya ta yi murmushi. "Na ji. Alhaji Muntari, babban dilanmu na Maraɗi, zai zo ganin kamfani wata Juma'a nan gaba kaɗan. In ya zo ya tarar da tsari, ofis naka ne. In ya tarar da shirme, ka koma tanda, kuma kada na ƙara jin kalmar Injiniya a harabar nan."

"Ranki ya daɗe, ki sa a fara goge kujerar."

Aka kawo kwandunan roba daga Bompai, Muhyiddeen ya bi su da fenti yana zana musu lamba. Ya sa aka toshe ƙofar ɗakin takalma aka bar taga. Ya ɗora wata tsohuwar kwamfuta a ciki, fuskarta na kallon Malam Uba. Ma'aikaci zai ɗora katin aikinsa a kan wata 'yar na'ura a bakin taga, kwamfuta ta karanta sunan, lamba ta fito, Malam Uba ya jefa takalmi a kwando. Mai takalmin ba ya ganin lambar. Muhyiddeen ya ce wannan tsaro ne, kada ɓarawo ya san inda na kirki suke.

Lawan, abokin aikinsa na tanda, wanda ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ya leƙo ya ce, "Injiniya, me ya hana a ba kowa kwandonsa a huta?"

"Ka ji irin tunanin tanda! Mun fi kwandunan yawa nesa ba kusa ba, kuma kullum wasu na zuwa wasu na tafiya. Gwanintar ita ce a raba mutane daidai, kowane kwando ya sami ɗan kaɗan. In biyu suka faɗa kwando ɗaya, wannan shi ake ce wa karo. A injina kuwa karo sai dai a ji labari."

Ya tuɓe sau-cikinsa don a fara gwaji da shi, ƙafa ɗaya ta hau kan ɗaya. Malam Uba ya rage muryar rediyo ya ce, "Yaro, takalminka ya hau ɗan'uwansa. Tafiya ta kama ka."

"Kun gani daidai, Baba. Ofis zan tafi."

Da yake kwamfutar tsohuwa ce, tana nishi kafin ta yi komai, Muhyiddeen ya yi mata rangwame. Ya ce haruffa uku na farkon suna kawai za ta markaɗa, sauran duk ɓata lokaci ne.

Kash! Abin da gogan ya manta shi ne a Kano yake. Lawan ɗin nan, a kati Muhammadu Lawan ne. Sani mai tura amalanke Muhammadu Sani ne. Haka Salisu, haka Rabi'u, haka Hamisu, haka Bello, haka Inuwa. Mutanen da shekara da shekaru ba wanda ya kira su Muhammadu tun ranar suna, duk kwamfuta ta tono asalinsu ta tura su kwando na bakwai. Kafin hantsi kwandon ya cika ya tumbatsa, ya fashe ta gefe, takalma suka yi tudu har suka kusa taɓa fanka. Sauran kwandunan kuwa suna zaune fes, wani ma kyanwa ta shiga ta kwanta.

Malam Uba ya dubi tudun ya girgiza kai. "Yau duk Muhammadun kamfanin nan tafiya za su yi."

Da aka tashi aiki aka koma tono, sai dai yanzu ta taga, kuma dattijo ɗaya ke yi wa kowa. Layi ya kai bakin titi. Muhyiddeen na tsaye yana bayani cewa kowane sabon abu da ɗan gargadarsa, sai ya tuna nasa sunan ma da waɗannan haruffan ya fara, kuma shi aka fara jefawa. Da aka zaro sau-cikinsa daga can ƙarƙashi, tsinin ya lanƙwashe yana kallon sama.

Ladidi, shugabar mata masu zuba biskit a kwali, mace mai baki kamar reza, ta ce, "Sannu Injiniya. Da a tsaye muke tono da kanmu, yanzu a layi muke jira a tono mana. Lallai an ci gaba."

"Ki yi haƙuri, Yaya Ladidi, matsalar ba ta inji ba ce. Iyayenmu ne ba su da tsari wajen raɗa suna."

"To, bari mu koma a sake mana. Kai za ka sayi ragunan?"

Washegari ya shigo yana tafiya ɗaiɗai kamar wanda ya ci zaɓe. Ya ce ya gano bakin zaren. Kan suna ba shi da amfani a ƙasar nan, wutsiya za a kama. Ya juya injin ya koma markaɗa haruffan ƙarshe.

Haba! Ai wutsiyar sunan ma'aikaci garinsu ne. Motar da ke kwaso ma'aikata daga Challawa tana tsayawa, mutanen cikinta kaf suka zuba a kwando ɗaya, don kowannensu wane Challawa ne. Kafin a farga mutanen Tamburawa sun bi su ciki, ga na Gezawa, ga 'yan Na'ibawa, unguwar shi Muhyiddeen ɗin. Tudun jiya bai tafi ko'ina ba, ƙaura kawai ya yi daga kusurwar gabas zuwa ta yamma.

Wannan karon har da rigima. Lawan yana auren 'yar wani dattijo da ke sashen fulawa, kuma garinsu ɗaya. Ya leƙa ta taga ya hango silifas ɗinsa, da ƙurarsa da komai, ya yi ɗare-ɗare a kan takalmin surukinsa. Mutumin da ko ido ba ya iya haɗawa da shi! Lawan ya dafe kai.

"Muhyiddeen, ka kashe ni! Da wane ido zan je gaisuwa?"

"Kwamfuta ba ta san suruki ba."

"To, a koya mata! Mu nan da kunya muke zaune."

Ladidi ta ce, "Ku bar shi. Jiya ya tara mu da sunan kakanni, yau da sunan gari. Gobe sai ya tara mu da abin da muka ci da safe."

Maganar ta yi wa Muhyiddeen ciwo, don gaskiya ce, kuma Juma'ar Alhaji Muntari ta matso. Tsoro ya kama shi sosai. Yana jan faranti a tanda yana jin kamar zafin ya ninka, yana tuna sanyin ƙasan ƙofar nan har idonsa ya kawo ruwa. Lawan ya tambaye shi, ya ce hayaƙi ne. Tandar kuwa ta lantarki ce.

Ran nan da azahar, yana cin shinkafa da wake a bakin ƙofar kamfani, ya ga mai abinci ta barbaɗa gishiri, sai ya miƙe zumbur har cokali ya faɗi. Ya taɓa ji a wani bidiyo a waya cewa manyan gwanaye sukan barbaɗa wa suna wani abu kafin su markaɗa, don ya warwatsu da kyau. Bai kalli bidiyon har ƙarshe ba, data ta ƙare masa. Amma me ya rage? Sunayenmu sun yi kama da juna, to a haɗa su da abin da ba ya taɓa kama da kansa. Me ya fi agogo? Yanzu ba ɗazu ba ce, ɗazu ba anjima ba ce. Ya sa injin ya markaɗa sunan gaba ɗaya, kai da wutsiya, sannan ya zuba masa lokacin da ke jikin agogon kwamfuta a daidai sanda aka ɗora kati.

Ya gwada da katinsa, lamba ta fito. Ya ari na Lawan, wata daban ta fito. Ya ari na Sani, wata daban. Ya yi tsalle ya taɓa silin. Abin da bai yi ba shi ne ɗora kati ɗaya sau biyu. Ya ce a ransa gwani ba ya maimaita aiki. Ya ɓoye sabon injin sai ranar Juma'a, kada idon mahassada ya kama shi.

Ranar Juma'a ya zo da shadda mai sitaci da hula a karkace. Ma'aikata suka yi ta ɗora kati, Malam Uba yana jefawa, kuma wallahi abin gwanin sha'awa. Kowane kwando da ɗan rabonsa, ba wanda ya fi wani. Muhammadu a gabas, Muhammadu a yamma. Silifas ɗin Lawan da takalmin surukinsa tsakaninsu bango da bango. Ko Ladidi leƙawa ta yi ta taɓe baki ta wuce.

Da hantsi Hajiya ta iso da baƙonta. Alhaji Muntari dogo ne mai fara'a, da babbar riga mai aiki. Doka doka ce, su ma suka tuɓe. Muhyiddeen ya karɓi takalman da hannu biyu, ya buga sunayensu a kwamfuta da kansa, Malam Uba ya jefa.

Alhaji Muntari ya dubi jerin kwandunan ya ce, "Masha Allah! Wa ya yi wannan aiki?"

"Ɗan ƙaramin abu ne, Alhaji," in ji Muhyiddeen. "Ko Kanawa gaba ɗaya za su tuɓe a nan, kowa zai ɗauki nasa kafin ya gama hamma. In kuna so a Maraɗi, sai dai mu duba lokacina."

Hajiya ta harare shi, amma ta ce wa masinja a buɗe ɗan ofishin a kunna sanyi ya fara kamawa. Muhyiddeen ya ji ƙafafunsa sun bar ƙasa.

Aka yi kiran salla na farko. Injuna suka tsaya, ma'aikata suka tuɓe na roba suka kwararo bakin taga ƙafa ba takalmi. Saboda girmamawa aka ce baƙo ya fara. Muhyiddeen ya gyara hula, ya buga sunan Alhaji Muntari da yatsa ɗaya yana kallon jama'a. Lamba ta fito. Malam Uba ya je kwandon ya dawo da wani silifas na wanka da aka ɗaure igiyarsa da waya.

"Wannan ba nawa ba ne," in ji Alhaji Muntari cikin ladabi.

"Baba, ku duba da kyau mana."

"Na duba, yaro. Abin da ke ciki ke nan, sai wani na mata."

Muhyiddeen ya sake bugawa. Wata lamba ta fito daban. Ya sake, wata daban. Nan take ya gane abin da ya faru. Agogon safe ya wuce, kuma ba zai dawo ba. Injin ya iya rabawa, amma bai san inda ya kai kowa ba, don duk sanda aka tambaye shi sabon lissafi yake yi.

Lawan ya ɗora katinsa sau uku a jere, yana leƙa fuskar kwamfuta ta gefen taga. "Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Ni kaɗai kwanduna uku gare ni, kuma ba ni a ko ɗaya!"

"Injiniya, ina takalmina?"

"Yana nan, bai ɓata ba."

"A ina?"

"A ɗaya daga cikin kwandunan."

"Wanne?"

"To, shi ne abin da ake bincike a kai."

Ladidi ta tafa hannu. "Da aƙalla mun san tudun da za mu tona. Yau ya raba mana wahalar daidai wa daida, kowane kwando sai an shiga!"

Aka yi kira na biyu. Daga nan ba wanda ya sake sauraron bayani. Matasa suka ɓalle katakon da aka toshe ƙofa da shi, aka afka ciki, aka yi ta kifar da kwanduna. Cikin ƙiftawar ido duk tsarin nan mai kyau ya koma tudu ɗaya, wanda ya fi na kowace rana girma. Malam Uba ya rungume rediyonsa ya hau kan tebur yana salati. Kowa ya sa abin da ƙafarsa ta samu. Wani ya fita da dama biyu yana tafiya a karkace. Surukin Lawan, dattijo mai furfura, ya wuce da kambas ja na 'yan ƙwallo, Lawan ya juya fuska bango don kada ya gani.

Hajiya Uwani tana tsaye a kan kwalin biskit da safa. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi tsorata shi.

"Muhyiddeen, baƙona zai rasa Juma'a a kamfanina?"

"A'a, ranki ya daɗe."

"Takalmanka suna ina?"

Nan wani asirin ya tonu. Tun ranar da tsinin ya lanƙwashe, Muhyiddeen bai sake yarda ya sa sau-cikinsa a injinsa ba. A bayan kwamfuta yake ɓoye su. Ya zaro su a gaban kowa, jama'a suka ɗauki ihu.

"Ashe mai injin ma bai yarda da injin ba!"

Alhaji Muntari ya zura ƙafa, suka yi masa cif. Ya yi godiya ya nufi masallaci. Muhyiddeen ya taka kwalta da tafin ƙafa, ya yi tsalle ya dawo, don rana ta gasa ta. Ladidi ta miƙo masa nata da ta tsinta, silifas ruwan hoda mai fure a sama.

"Ungo, Injiniya. Aro ne, ba kyauta ba."

Haka ya ratsa titin Sharada da shadda mai sitaci da fure a ƙafa, dugadugansa na jan ƙasa, masu shayi da 'yan adaidaita suna yi masa barka da sallah.

Da aka sauko ya tarar da sau-cikinsa a bakin taga, Alhaji Muntari ya mayar, ƙafa ɗaya a kan ɗaya. Malam Uba ya nuna su da haɓa.

"Na gaya maka tafiya ta kama ka."

A bayansa ya ji masinja yana kashe sanyin ɗan ofishin yana murɗa mukulli. Hajiya ta wuce da takalmin da direba ya ɗauko mata daga mota, ko tsayawa ba ta yi ba. Kalma ɗaya ta ce: "Tanda."

Ranar Litinin ga shi a bakin tanda, gumi na bin ƙeya. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, har ya ce wa Lawan, "Ka san me? Da na ɗora katin nan sau biyu, da yanzu mura nake yi saboda sanyi. Ni da wayona, dannawa ɗaya ta gagare ni."

"To, alhamdu lillahi, ka fara hankali."

Sai Muhyiddeen ya ɗaga kai ya dubi ma'aikata. Tun daga Juma'ar nan ba wanda ya sake yarda da ɗakin takalma. Kowa ya zo da leda daga gida, ya ƙulle takalminsa a ciki, ya ɗaure a ƙugu a ƙarƙashin rigar aiki, suna ta kai da kawowa da ƙullutu a gefe. Yana cikin kallo, fuskarsa ta fara washewa.

"Lawan, tsaya. Dubi nan. Kowane takalmi da mazauninsa. Ba layi, ba tono, ba karo ko ɗaya. Wa ya jawo wannan? Ai aikina ya ci, Hajiya ce ba ta lura ba!"

Lawan ya sa hannu ya ƙara tamke ledar da ke ƙugunsa, ya matsa can gefe, sannan ya ce, "Muhyiddeen, biskit ɗinka na ƙonewa."